Baƙar Waya da Tsanin Jirgi

Har yanzu idan zan taɓa wani abu na ƙarfe sai na fara kai masa bayan hannuna, kamar mai gwada zafin tukunya. Marfin firji, kan famfo, hannun ƙofa, wani lokaci har cokali. Na san babu komai a jikin cokali. Hannun ne bai sani ba.

Na gama sakandare a Katsina ba da daɗewa ba na biyo mijina Amurka. Ni na ce ina son sa, ni na yi ta addu'ar takardu su fito, don haka ban ga wanda zan kai wa kuka ba da na ga inda za mu zauna. Da nake jin ana cewa a birnin Greensboro yake, na ɗauka tsakiyar gari ne. Ashe gidan da ya kama haya yana McLeansville, can gabas da birnin, inda gidaje ke warwatse, kowa da gonarsa a tsakani. Tsohon gidan katako ne, gabansa titi, bayansa fili mai ciyawa, daga nan sai itatuwa. Maƙwabcinmu mafi kusa sai ya fito da motarsa nake sanin yana nan. Ya ɗaga mini hannu, in ɗaga masa, iyakar zumuncinmu ke nan. Ba mai sallama, ba mai talla, ba kiran salla. Mota ɗaya ce, da ita maigidan ke tafiya aiki tun da safe, ni kuma ban iya tuƙi ba. Turancina na aji ne. In mutanen nan suka saki baki sai in ji kamar ruwan sama a kan kwanon rufi. Ran Lahadi nakan kankare katin waya in kira mahaifiyata, in ce mata komai lafiya, kafin in kai ga abin da nake son faɗa katin ya ƙare.

A gida mijina ma'aikacin lantarki ne, a Kano ya koya, ya yi shekaru yana ja wa gidajen mutane waya. A nan ba a barin kowa ya taɓa wayar gidan wani sai da lasisinsu. Aikin da ya samu na wani ƙaton sito ne, yana tuƙa 'yar motar da ke ɗaga kaya. Yakan dawo da yamma ya ci abinci, ya zauna gaban talabijin har barci ya ɗauke shi. Ba faɗa muke yi ba. Maganar ce kawai babu.

Wata rana da rana tsaka na ji ƙarar babbar mota a ƙofar gida. Na leƙa ta taga, na ga ana shigo da wani abu fari, ƙato, a kan tirela, mijina yana gaba yana yi wa direba alama da hannu kamar ɗan sandan hanya. Jirgin ruwa ne, irin wanda ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura shi. Wani dattijon Bature a ƙauyen Summerfield ne ya bar masa, wai matarsa ta gaji da ganinsa yana ruɓewa a gefen gidan dawakinsu.

Na fito da zani a kafaɗa na ce, “Maigida, ina ruwan yake?”

“Wane ruwa?”

“Wanda za a sa wannan a ciki. Ni dai tunda na zo garin nan ban ga ko kududdufi ba.”

Ya yi dariya, irin wadda na manta yana da ita. Ya ce teku na can gabas, tafiyar rabin yini. Ya ce in ya gama gyara za mu ja shi mu kai, mu riƙa kwana a ciki muna bin gaɓa. Tun ranar na sa masa suna Kyaftin, shi kuma ya koma kirana Amarya kamar farkon aurenmu.

Cikin jirgin ɗan ɗaki ne sosai. Akwai wurin kwanciya, da benci biyu suna kallon juna, da ɗan madafi, da ƙananan tagogi. Wari yake yi na tsohon ruwa. Muka wanke shi tare, ya shimfiɗa guntun kafet, na kai matasai biyu. Da tsanin katako na mai gidan hayarmu muke hawa. Ni a ƙasa nake tuɓe silifas ɗina, gindin tsani, don a wurina ɗaki ne, har salla mun yi a ciki, kuma ban taso ina shiga ɗaki da takalmi ba. Shi da takalmin aikinsa mai kaurin roba yake hawa, sai ya kai bakin ƙofar ɗakin ya cire.

Babban aikin da ya ɗaukar wa kansa shi ne wuta. Jirgin yana da 'yan wayoyin batir na da, ja da baƙi, masu kunna ƙananan fitilu. Shi kuma so yake ya sa masa wuta irin ta gida. Ya yaga gefen kwali ya zana mini da biro. Ya ce wuta za ta riƙa shigowa ta hanya uku: in an tsaya a tashar jiragen ruwa a jona da tasu, in ana tsakiyar ruwa a tada ƙaramin janareta, in ba a son ƙara sai inbata ta ɗebo daga batir ta mai da ita wutar gida. Ba za su taɓa haɗuwa ba, sai an zaɓi ɗaya da makunni, kamar yadda muke juyawa a gida in an ɗauke wuta za a koma janareta. Wannan kam na gane shi, don tun ina firamare nake juya irinsa.

Sai ya ɗago ya ce, “To, Amarya, me kike so a ciki?”

Tunda na sauka daga jirgin sama ba wanda ya yi mini wannan tambaya.

“Ki faɗa mana. Sai na san kayan kafin in san kaurin waya.”

Na ce firji. Ya rubuta. Na ce fanka, da tukunyar shinkafa, da butar shayi. Na ce blanda, don ba zan je tsakiyar teku in kama jajjage a turmi ba.

“Hajiya, jirgi ne, ba otal ba.”

“Kai ka tambaya, Kyaftin.”

Ya yi 'yan lissafe-lissafensa ya ce duk za su shiga, amma buta da tukunyar shinkafa ba za su ci tare ba, sai dai ɗaya ta jira ɗaya. Na ce shayinsa ne zai jira. Ya ce a jirginsa? Haka muka yi ta yi har rana ta faɗi. Daga nan kullum in ya dawo aiki sai mu hau. Yana kwance rabin jikinsa a cikin wani lungu, ina miƙa masa filaya, yana ba ni labarin gidajen da ya yi wa aiki a Kano, da wani mai gida da ya sa a ja masa soket har cikin akurkin kaji. Duk hirar da muka yi a ƙasar nan, in aka tara, a cikin jirgin nan aka yi ta. Da safe in ya fita nakan tsaya a tagar kicin ina kallon jirgin, ina jiran yamma.

Na tuna ranar da ya sayo waya. Ya fere bakinta ya ga uku a ciki, baƙa da fara da koriya. Ya yi tsaki ya ce, “Mutanen nan ko ja ba su da ita.” Ya ce a yadda aka koya masa, ja ce mai wuta, baƙa ke mai da ita, koriya ta ƙasa ce. Tunda ga baƙa ga koriya, to farar ce a madadin ja. Ya nuna mini tsofaffin wayoyin batir na jirgin ya ce, ga shi nan ma, baƙa ba ta cizo. Ya tattara baƙaƙen wuri ɗaya, ya haɗa su da koriya, ya bi duk wani ƙarfe na jirgin ya ɗaure da ita saboda tsawa, har da tsanin ƙarfen da ke naɗe a bayan jirgin. Ni kallo kawai nake, hannunsa na burge ni. Soket ɗin da ke bangon bayan gidanmu tsoho ne mai rami biyu, filogin doguwar wayar da ya sayo kuma ƙafa uku gare shi. Ya sa filaya ya karya ta ukun, kamar yadda na sha ganin ana yi a gida, ya ce ta wucin gadi ce.

Ranar da ya jona, fanka ta juya, ƙwan fitila ya kama. Muna zaune a ciki ya dafa mana shayi da butar, ya miƙo mini kofi da hannu biyu kamar baƙuwa. Ban taɓa ganinsa da farin ciki haka ba.

Washegari da sassafe mai gidan haya ya zo ya ɗauki tsaninsa zai gyara rufin wani gida. Mijina ya sauke tsanin ƙarfen nan na bayan jirgi, ya hau ya duba batir, ya sauko ya tafi aiki. Ya bar wayar a jone don batir ya cika.

An yi ruwa da hantsi, sannan rana ta fito. Na daɗe ina ɗinka wa tagogin jirgin 'yan labule da hannu, daga wani atamfa da bai ishe ni riga ba, ina ɓoyewa don in ba shi mamaki. Ranar na gama. Na yi alwalar azahar, na ce bari in rataye su in yi sallata a can. Na ratsa ciyawa, na tuɓe silifas a gindin tsani, na taka jiƙaƙƙiyar ƙasa, na kai hannun dama na kama ƙarfen.

Ban san yadda zan faɗe shi ba. Ba zafi ne ya fara zuwa ba. Wani abu ne ya kama ni daga ciki yana girgiza, tun daga yatsu har haƙora. Na ce wa hannuna ya saki, ya ƙara damƙewa. Na buɗe baki in yi salati, muryar ba ta fito ba. Ina ganin labulen a ɗaya hannun, ina ganin wani tsuntsu a kan waya, komai yana nan yadda yake, ni kaɗai ce ake kashewa. Gwiwoyina ne suka cece ni. Suka saki, nauyina ya fizge hannun, na faɗi da baya.

Na jima kwance a ciyawa. Zuciyata tana bugawa ba bisa tsari ba, ta yi gudu ta tsaya ta sake. Wata mota ta wuce a titi, ba ta rage gudu ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne, da na mutu a nan, haka zan kwanta har yamma, rana ta busar da alwalata, ba wanda zai sani. Da na iya tashi sai na rarrafa zuwa kicin, na ɗauko muciya, na je bangon baya na yi ta zungurar filogin da ita har ya faɗo. Ko robarsa ban yarda na taɓa ba.

Da ya dawo na gaya masa. Ya kama hannuna ya juya shi, ya duba tafin, ya duba yatsu. Babu ƙuna, babu tabo. Ciwon yana can cikin kafaɗa inda ba a gani. Ya fita, na bi shi ina roƙo. Ya mai da filogin, ya je ya kama tsanin da hannu biyu, ya girgiza shi.

“Ina wutar?”

“Wallahi ta ja ni.”

“Amarya, ni fa ta nan na hau da safe, ta nan na sauko. Wutar kafet ce. Kin manta lokacin sanyi?”

Ban manta ba. Sanyina na farko a ƙasar nan, in na taka kafet na taɓa hannun ƙofa sai ya yi mini tsat, in yi tsalle, shi kuma ya yi ta dariya. Na ce masa wannan ba ita ba ce, waccan tsunkuli ce, wannan riƙe ni ta yi. Ya dafa kaina ya ce zaman kaɗaici ne ya yi mini yawa, ran Juma'a zai kai ni cikin gari in ga mutane. Da taushi ya faɗa. Da ya yi mini tsawa ma da ya fi mini sauƙi.

Mutum ɗaya na sani da zan iya kira. Wata Hajiya ce 'yar Damagaram, mai sirka Hausarta da Faransanci, da na haɗu da ita a wani suna, tana da shagon kitso a cikin gari. Na kira ta washegari. Ina jin hayaniyar shagon a bayanta, ana dariya, rediyo na yi.

“Ɗiyata, kin ƙone?”

“A'a, Anti.”

“Bon. Shi maigidan ya taɓa bai ji kome ba?”

“Bai ji ba.”

“To wala. Ke jirgin da ya yi shekara da shekaru yashe a daji, kya ce ba kowa ciki? Ki yi ta addu'a, ki bar zuwa wajen ke ɗaya. Kuma kar ki tsaya gardama da namiji kan sana'arsa. Ina da kan wata a hannu, zan kira ki.”

Ba ta kira ba. Ban ga laifinta ba, tana da nata.

Na zauna da maganganun nan biyu, ɗaya ya ce kafet, ɗaya ta ce mutanen ɓoye, har na fara tambayar kaina ko da gaske abin ya faru. Na fita na tsaya nesa da jirgin ina kallon wurin. Labulena na nan a yashe cikin ciyawa. A taɓon da ke gindin tsani na ga sawu iri biyu. Ga nasa, manya, da zanen ƙasan takalmi kamar tayar mota. Ga nawa a gefe, ƙarami, da yatsu a fili. Na daɗe ina kallonsu. Ban san lantarki ba, amma na san abin da ya bambanta ni da shi a wurin nan.

Na gaya masa da yamma. Fuskarsa ta canza. Ya ce in wuta na nan da gaske takalmi ba ya hana a ji ta, ya ce ya yi wa gidaje masu hawa uku aiki ba a taɓa kiransa an ce wani abu ya faru ba. Ya ce, “Abu ɗaya na iya a duniya. A wurin aiki ba wanda ya san na iya shi. Yanzu a gidana ma?” Na ƙyale maganar, don na san abin da jirgin nan yake a wurinsa.

Kuma a wannan zaman ne ya ce ran Asabar zai wanke jikin jirgin gaba ɗaya. Na san yadda yake wanki. Na sha ganinsa yana wanke mota: ya naɗe wando, ya tuɓe takalmi, ya tsaya cikin ruwa da ƙafa tsirara yana waƙa.

Kwanakin da suka biyo baya ban sake hawa ba. Yakan dawo ya ci abinci ya fita shi kaɗai, in tsaya a tagar kicin ina kallon ƙafafunsa har ya gama hawa tsanin. Da safe in ya tafi sai in ɗauki muciya in cire filogin. Ya dawo ya tarar batir bai cika ba, ya mayar. Na sake cirewa. Rannan ya shigo kicin ya tsaya a bayana ya ce, “Kada ki ƙara taɓa mini waya.” Bai ce Amarya ba. Na ce to. Na ci gaba da tuƙa tuwo da muciyar. Abinci ya daina shiga mini. In na rufe ido da rana sai in gan shi tsaye a gindin tsani, bakinsa a buɗe, ba murya.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Ya fito da bokiti da soso, ya jawo tiyo, ya kunna rediyon kaset a cikin jirgin don ya ji waƙa yana aiki. Ya fara fesa ruwa, ƙasa ta jiƙe. Sannan ya zauna a dakalin bayan gida ya kama kwance igiyar takalmi. Na fito na tsaya a kansa.

“Maigida, don Allah ka cire wayar kafin ka fara.”

“In cire in ji waƙa da me?”

“Zan yi maka waƙar.”

Ya ɗan murmusa, amma bai daina kwancewa ba. Ya cire ɗaya, ya cire ɗaya, ya tura safa a ciki. Ya miƙe ya ce, “Bari in nuna miki yau, kowa ya huta. Ga ni ba takalmi, ko? Ki kalla da kyau.”

Ya nufi tsanin. Ina ganin ruwa na tsartuwa tsakanin yatsun ƙafarsa.

Ban san lokacin da na yi gudu ba. Ban nemi muciya ba. Na kama wayar da hannuna na fizge ta daga bango, waƙar ta yanke. Na rungume filogin a ƙirjina na zauna daɓas a cikin taɓo. Ya juyo, hannunsa bai kai ga ƙarfen ba, ransa a ɓace.

“Ba na ce miki...”

“In ka faɗi a nan wa zan kira?”

Ya tsaya.

“Ka gaya mini, wa zan kira? In na kira masu motar asibiti me zan ce musu? Sunan titin nan ma ban iya faɗa yadda za su gane ba. Ban iya mota ba. Ba zan iya ɗaga ka ba. Rannan na kwanta a wurin nan har rigata ta bushe a jikina, kare ma bai zo ya shinshina ni ba. Kai kaɗai gare ni a ƙasar nan. In kana so ka taɓa, ka fara mai da ni gidanmu, sannan ka dawo ka taɓa.”

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Kuka nake yi har numfashina na sarƙewa. Tiyo na can yashe yana ta zuba. Ya wuce ni ya shiga gida. Na ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi ya fito da tastarsa, 'yar sukudirebar nan mai ƙwai a ciki da ya zo da ita daga Kano, wadda ke zaune a aljihun jakarsa. Da ita ya gwada soket-soket na cikin jirgin tun ranar farko, ya ga wuta na zuwa. Ba wanda ke gwada tsani.

Ya miƙo hannu. “Kawo.”

“Sai ka sa takalmi.”

Ya sa, bai ko ɗaure igiyar ba. Ya karɓi filogin ya jona, waƙar ta dawo daga inda ta tsaya. Ya je ya ɗora bakin tastar a kan tsanin, ya kare ta daga rana da ɗaya hannun, ya sunkuya. Daga inda nake ban ga ƙwan ba. Bayansa na gani. Na ga yadda kafaɗunsa suka sauka.

Ya gwada ƙarfen gefe. Ya gwada wani. Ya dawo ya cire wayar, ya buɗe bakinta na wajen jirgi, ya ware 'ya'yan cikin, ya sake jonawa. Ya ɗora tastar a kan fara, shiru. Ya taɓa baƙa.

“Innalillahi,” ya ce a hankali. “A nan baƙar ce mai wuta.”

Ya cire filogin ya zauna a ƙasa kusa da ni, cikin taɓon. Ya ɗauki hannuna na dama ya sake juya shi kamar ranar farko, yana neman tabon da babu. Ya ce, “Riƙe ki ta yi?” Na ce e. Ya ce, “Kina ke kaɗai.”

Na ɗauka in ya yarda da ni komai zai koma daidai. Ba haka aka yi ba. Ranar ya lulluɓe jirgin da tamfol, ya naɗe doguwar wayar ya jefa a shara. Ya kai ni asibiti aka duba zuciyata aka ce lafiya. Sannan ya koma gaban talabijin. In na kawo abinci ba ya iya haɗa ido da ni. Na samu gaskiyata, na rasa yammacina. Wani lokaci ina tsaye a tagar kicin ina kallon tamfol ɗin yana motsi da iska, sai in ji ina kewar warin tsohon ruwan nan, alhali ko kusa da shi ba na iya zuwa.

Abin da ya fara yi, kafin ya koma ga jirgin, shi ne ya zaunar da ni ya sa na yi ta maimaita lambar gidanmu da sunan titin, yana gyara mini baki, har ya ce ko Baturen ƙauye zai gane. Ran Lahadi ya kai ni filin wata makaranta da ba kowa, ya ba ni sitiyari. Na kusa hawa kan shinge. Ya riƙe kujera ya ce, “A hankali, Amarya, Kyaftin ɗaya ya isa ya kashe mu.” Shi ne karo na farko da ya yi wasa da maganar, kuma bai yi dariya ba.

Ya aro wani littafin wutar jiragen ruwa mai kauri daga laburare, ya yi makonni yana karantawa da ƙamus a gefe. Ya sa mai gidan haya ya kawo mai lasisi ya canza soket ɗin bango zuwa mai rami uku, irin mai yanke wuta da kansa in ta bi inda bai kamata ba. Sannan ya yaye tamfol, ya zare duk wayar da ya ja, ya fara daga farko. Ya raba wayoyin batir da na wutar gida, kowanne da hanyarsa. Ya ce idonsa ya karanta, amma bai yarda da hannunsa ba, hannun ya riga ya saba. Don haka duk baƙar waya mai wuta sai ya naɗa mata jan salatif a baki biyu.

Ya ce in hau in taya shi. Na je har gindin tsani, ƙafafuna suka ƙi. Bai matsa ba. Washegari ya shimfiɗa tabarma a inuwar jirgin, ya sauko da wayoyin ƙasa. Yanzu a nan muke zama in ya dawo. Yana yanka, ina yago masa jan salatif da haƙori ina miƙa masa. Hirar ba ta kai ta da ba, amma akwai ta. In aikin na ciki ne sai ya hau shi kaɗai, in zauna a ƙasa ina jin motsinsa ta jikin jirgin, in kira shi lokaci-lokaci ba don ina da abin faɗa ba, sai don ya amsa.

Makon jiya ya dawo da wata leda. Takalmin roba ne dogo, irin na masu aikin fadama, daidai ƙafata. Ya kai shi gindin tsani ya ajiye, inda nake tuɓe silifas. Ya gwada tsanin da tasta a gabana, ya kuma tuɓe nasa takalmin ya kama ƙarfen da hannu, ni kuwa na rufe ido har sai da ya ce in buɗe.

Labulen na wanke su na goge, suna cikin akwati. Takalmin yana can har yau. Da safe in ya tafi aiki nakan gan shi ta tagar kicin, ƙafa biyu a jere, raɓa ta sauka a kansu. Jiya na fita na juye ruwan saman da ya taru a ciki, na mai da shi inda yake, na dawo.